Hannu ya kwana yana raɗaɗi bayan jajjagen attaruhu: amsa ga wata ƙanwata

Ƙanwata, sannu da jiki, sannu kuma da hidimar suna. Na karanta tambayarki. Kin ce ke kika zauna kika cire hancin attaruhu kusan rabin kwando, kika yayyanka, kika jajjaga a turmi kina kwashewa da hannu. A lokacin ba ki ji komai ba, sai bayan la'asar hannayenki suka ɗauki raɗaɗi, har kika kwana da su a cikin bokitin ruwa, da kin fitar sai zafin ya dawo sabo. Wata ta ce ki shafa gishiri, wata ta ce makilin, wata har kalanzir ta ambata. Kina son sanin abin da ke maganinsa, kuma ko fatarki ta ƙone ne.

Bari in fara kwantar miki da hankali a kan na biyun. In dai ja kawai hannun ya yi, bai tashi ya ɗuri ruwa ba, to fatarki lafiyarta ƙalau. Aikin jinya nake yi, kuma a gidan mai abincin sayarwa na tashi, don haka wannan raɗaɗin na san shi a hannuna tun kafin in san shi a littafi.

Abin da ke cikin attaruhu da barkono mai sa yaji sunansa kapsaisin. A fatarmu akwai ƙananan jijiyoyi da aikinsu shi ne su kai wa ƙwaƙwalwa rahoto idan wani abu mai zafi ya taɓa mu. A bakin kowace jijiya akwai wata 'yar ƙofa da masana suka sa wa suna TRPV1, wadda ba ta buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 43 a ma'aunin Salshiyas, wato daidai inda ɗumi ke fara zama cutarwa. Shi kapsaisin yana zuwa ya buɗe wannan ƙofar ba tare da wata wuta ba. Sai jijiya ta aika saƙo cewa hannu na cikin tafasasshen ruwa, ƙwaƙwalwa kuma ta yarda, jini ya taru a wurin, fata ta yi ja, ta yi ɗumi, wani lokaci har da ɗan kumburi. Wani masani ɗan Amurka, David Julius, shi da abokan aikinsa ne suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma da sinadarin barkonon nan suka yi amfani wajen gano ta. A 2021 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a kan wannan aiki. Saboda haka zafin da kika kwana da shi zafi ne na gaske, kada wata ta ce miki raki ne. Jijiyar da ke ihu in garwashi ya taɓa ki, ita ce dai ta kwana tana ihu.

Kuma ba ƙaramin barkono kika taɓa ba. Akwai ma'aunin yaji da wani mai haɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kansa, dangin attaruhu suna kaiwa daga 100,000 zuwa 350,000, yayin da dogon barkonon da ake shanyawa a daka yakan tsaya wajen 30,000 zuwa 50,000. Tattasai kuwa yana can ƙasa sosai. Mafi yawan yajin yana cikin farin naman nan na ciki wanda 'ya'yan ke manne da shi, daidai inda muke sa babban yatsa mu kankare. 'Ya'yan kansu yajin da ke jikinsu na shafa ne daga wurin.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe fiye da komai: kapsaisin ɗan gidan mai ne, ba ya narkewa a ruwa. Ki tuna kwanon da aka ci miyar manja a ciki. Ko sau goma kika ɗauraye shi da ruwa zalla, maiƙon na nan, sai dai ki ƙara baza shi zuwa bayan kwanon. Haka yake a hannunki. Ruwan bokitin nan sanyinsa ne kawai yake rufe bakin jijiyar na ɗan lokaci, amma bai ɗauke komai daga fatar ba, shi ya sa da kin fitar da hannu ya sha iska ya koma ɗuminsa sai a koma gidan jiya. Wata illar ma, hannun da ya daɗe a ruwa fatarsa takan yi laushi ta tattare, ta fi saurin jin ciwo.

Abin da za ki yi, kuma a jere yadda zan faɗa, shi ne mai, sannan sabulu, sannan sanyi.

Ki zuba man gyaɗa kamar cokali ɗaya ko biyu a tafin hannu busasshe. In babu, manja ko man kaɗe ko man shanu duk za su yi. Ki murza a hankali kamar minti biyu, bayan hannu da tsakanin yatsu da gefen farce, domin a ƙarƙashin farce da wannan 'yar fatar ta gindinsa yajin ya fi maƙalewa. Man zai narkar da kapsaisin ɗin da ke saman fata ya ɗauko shi. Amma fa yanzu man da kansa ya zama mai yaji, kada ki bar shi a hannu. Ki goge da takarda ko tsumman da za ki yar, sannan ki sa sabulun ruwa na wanke-wanke, irin wanda ke yanke maiƙo, ki murza shi tun kafin ki zuba ruwa, sai ki ɗauraye da ruwa mai sanyi. Ki maimaita sau biyu ko uku. Tsohon buroshin haƙori yana da amfani wajen farce, a hankali dai. Kada ki dirje da soson ƙarfe ko soson buhu, domin duk ƙarzunar da kika yi wa fata hanya kika buɗe wa yaji ya shiga ciki. Idan kina son ki tabbatar ya fita, ki ɗan taɓa kan yatsa da bakin harshe. In kin ji yaji, da sauran wanki.

Sai sanyi. A nan kindirmo ko nono mai sanyi ya fi ruwa, saboda abu uku ne suka haɗu a cikinsa: ga sanyin, ga maiƙo, ga kuma wani sinadarin madara da ake kira kesin wanda ke kama kapsaisin ya janye shi. Ki zuba a kwano ki tsoma hannu minti goma sha biyar zuwa ashirin, in ya yi ɗumi ki sake wani. Madarar gari mai maiƙo da aka dama da ruwan sanyi da ɗan kauri ita ma za ta yi. In duk babu, ruwan randa ko tsumma mai laima ya isa, ki riƙa yi kina hutawa.

An taɓa gwada wannan a jihar New Mexico ta Amurka, inda mata ke ɓare gasasshen koren barkono da hannu kamar yadda muke gyaran kayan miya. A wani bincike da aka buga a 1987, mata 20 sun tsoma hannuwansu cikin markaɗaɗɗen barkono na minti 40, sannan kowacce ta sa hannu ɗaya a ruwan famfo mai sanyi, ɗayan a man girki. Da farko hannun da ke ruwa ne ya fi samun sauƙi, amma da lokaci ya ja, na cikin mai ne ya fi lafawa. Lokacin da na karanta wannan sai na tuna mahaifiyata, Allah Ya ji ƙanta. Ina 'yar shekara goma sha biyu na yi mata jajjagen abincin wani biki, da dare na zauna gindin randa ina kuka da hannuwa a cikin moɗa. Ta fito da kwalbar man gyaɗa, ta kama hannuna ta ɗora a cinyarta, ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya tana murzawa, ta goge da tsumma, ta wanke da sabulu, sannan ta miƙo mini ƙwaryar nono ta ce in sa su a ciki. Ba ta taɓa jin sunan kapsaisin ba, amma jerin da ta bi shi ne dai wanda nake ba ki yau.

Sai dai in gaya miki gaskiya, domin kada ki yi duk wannan ki ga zafin bai ɗauke gaba ɗaya ba ki ce ba ya aiki. Mai da sabulu suna cire abin da ke saman fata ne. Wanda ya riga ya ratsa ya isa ga jijiya, babu wankin da zai fito da shi, sai jiki ya gama da shi da kansa. Shi ya sa lokaci yake da muhimmanci. Yajin yakan ɗauki lokaci kafin ya ratsa fatar hannu, musamman tafin hannu mai kauri, shi ne dalilin da ba ki ji komai ba kina aiki sai daga baya. Wankin da aka yi da an gama yanka, tun hannu bai fara magana ba, ya fi wanki goma bayan raɗaɗi ya kama. In ya riga ya kama, yawanci yakan lafa cikin wasu awanni, mai tsanani kuma ya kai kwana ɗaya ko ya ɗan wuce. A wannan tsakanin ki nisanci duk wani ɗumi: ruwan wanka mai zafi, tururin tukunya, bakin murhu, rana, har da cusa hannu cikin bargo. Jijiyar da yaji ya taɓa takan yi saurin harzuƙa, ɗumin da jiya ba ki damu da shi ba yau sai ki ji shi kamar wuta. Ki kwanta da hannu a waje inda fanka ke kaɗawa. Za ki iya shan farasitamol. In ya hana ki barci sam, ki je kemis wurin ƙwararren mai magani ki nemi man shafawa mai kashe zafi na lidoken, a shafa kaɗan, kuma a kan fatar da ba ta tsage ba.

Shawarwarin da aka ba ki kuwa, kalanzir ne ya fi tayar mini da hankali. Gaskiya ne yana narkar da yaji, amma yana cin fata, yana busar da ita ta tsattsage, kuma mace ce da za ta koma bakin wuta da hannu mai kalanzir. Kada ki kusance shi, haka fetur. Gishiri ƙarzar fata yake yi, in akwai 'yar tsaga kuma ya ƙara miki azaba. Makilin sanyin ƙarya yake bayarwa na minti kaɗan, daga baya ya bushe a fatar ya ƙara mata haushi. Toka da kanwa da ruwan bilic duk masu cin fata ne, suna iya mayar da raɗaɗin da zai wuce da kansa ya zama ƙuna ta gaske. Ƙanƙara kada ki ɗora ta kai tsaye, ki naɗe ta a tsumma, musamman in mutum na da ciwon suga wanda jin hannunsa ya ragu. Sifirit da man tsaftace hannu mai sifirit suna narkar da yajin, ana iya gogewa da su sau ɗaya a bi da sabulu, amma a hannun da hunturu ya fasa zafinsu ya fi amfaninsu. Basilin kuma sai bayan an wanke tas, in kika shafa shi a kan yaji kin rufe shi ne a ciki.

Akwai wani abu da dole in rarrabe miki, domin na ga inda ruɗaninsa ya yi ɓarna. Duk maganar man nan da na yi, ta yajin barkono ce kaɗai. Idan wuta ce ta ƙona ki, ko tafasasshen ruwa, ko man suya ya fallatso, to kada mai ya je wurin, ko man gyaɗa ko manja ko man shanu. Ita ƙunar wuta zafi ne na gaske ya shiga nama, mai kuma riƙe zafin yake yi ya kuma jawo ƙwayoyin cuta. Maganinta na farko ruwa mai sanyi yana zuba a kai har minti 20, sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle a tafi asibiti in ta yi girma. Ciwo biyu ne masu kama da juna, amma maganin ɗaya cuta ne ga ɗayan.

Abin da ya fi damuna a lamarin yaji ma ba hannun ba ne, inda hannun ke zuwa ne. Fatar hannu tana da kauri, tana jurewa. Ido da hanci da leɓe da al'aura ba su da wannan kariyar. Ki duba yininki: kin gama jajjage, an kira salla, za ki kama ruwa, za ki yi alwala ki shaƙa ruwa ki wanke fuska, za ki ɗauki yaro ki ba shi nono, wataƙila ki yi masa tsarki. Duk da hannun nan. Wata rana da daddare aka kawo mana jariri ɗan wata biyar yana tsala ihu, ya ƙi kama nono, jikinsa babu zazzaɓi, cikinsa lafiya. Uwar ta ruɗe, kakar na cewa a nemo rubutu. Da muka cire masa kaya sai ga jan shati a hammatarsa da matsematsinsa, har ana iya ƙirga yatsu. Na tambayi uwar me ta yi da yamma, ta ce miyar dare ta haɗa, ta wanke hannu da ruwa, ta canza masa nafkin. Ita hannunta ko ɗis ba ya mata zafi. Muka goge wurin da mai a auduga, muka wanke da sabulun jarirai, muka ɗora tsumma mai sanyi, cikin awa guda ya yi barci a kafaɗarta. Ita ce ta koma tana kuka, tana cewa da hannuna na yi masa. Na daɗe ina rarrashinta, domin ba ganganci ta yi ba, babu wanda ya taɓa gaya mata cewa ruwa kaɗai ba ya fitar da yaji.

Wannan ya shafi iyayenmu da masu aikin abinci da suka ce su hannunsu ya saba. Gaskiya suka faɗa. Jijiyar da ake yawan taɓawa da kapsaisin takan gaji ta daina amsawa, har ma likitoci sun ɗauki wannan hali suka yi man shafawa na barkono don ciwon gaɓoɓi da ciwon jijiya. Amma sabon hannu bai hana yajin zama a kansa ba. Kakar da ba ta jin komai ita ce za ta share wa jika hawaye da yatsa. Don haka ki mayar da shi doka a kicin ɗinki: duk wadda ta taɓa attaruhu, mai da sabulu kafin banɗaki, kafin alwala, kafin ɗaukar yaro.

In ya shiga ido, mai da sabulu ba su da wuri a nan. Ruwa mai tsabta kawai, a kwara daga gefen hanci yana gangarawa waje, minti 15 ba tsayawa, ana ƙifta ido, kuma wani mai tsabtataccen hannu ya zuba miki. Kada a murza. Hawaye da kansa taimako ne. In bayan awa ɗaya ko biyu idon bai buɗu ba, ko gani ya yi dishi-dishi, a tafi asibiti. Haka nan a je asibiti idan fata ta tashi ta ɗuri ruwa, ko kumburi ya yi yawa, ko ƙuraje masu ƙaiƙayi suka bazu zuwa inda barkonon bai taɓa ba, ko numfashi ya fara sarƙewa, ko raɗaɗin ya wuce kwana biyu bai ragu ba. Yaro ƙarami kuwa in ya shiga idonsa ko bakinsa ya kasa yin shiru, kada a jira.

Nan gaba in aikin taro ya same ki, ki tanadi safar hannu. Irin shuɗiyar nan ta naitiril da ake sayarwa a kemis ta fi farar ta roba, domin yaji na iya ratsa farar in aiki ya daɗe. In babu, ki zura hannu a farar leda biyu ki ɗaure a wuyan hannu, in ta huje ki sake. Wajen cirewa ki juyo cikinta waje, kada ki kama bayanta da hannun da kika riga kika tuɓe. Ki yanke farce kafin ranar. Ki kankare cikin attaruhu da ƙaramin cokali, ki kwashe jajjage da ludayi ko mara, in kuma da yawa ne ki kai inji, ba gazawa ba ce. A lokacin hunturu ki ƙara kula, hannun da ya yi kaushi ya faffashe ko wanda omo ya cinye shi ne yaji ya fi samu, don haka ki riƙa shafa man kaɗe da dare. Sabuwar yankar wuƙa a yatsa kuwa, ranar ki bar wa wata aikin barkono.

Kayan aikin ma suna riƙe yaji, musamman na katako: turmi, taɓarya, katakon yanka, ƙotar wuƙa. Sau da yawa mace ta wanke hannu tas, ta dawo ta ɗauki taɓarya ko ta goge hannu da tsumman kicin ɗin ɗazu, ta sake kwasowa. Ki wanke su da sabulun wanke-wanke kafin wankin hannunki na ƙarshe, ki goge bayan wayarki in kin taɓa ta kina aiki. Ranar dakan yaji kuwa, ƙurar ce abin tsoro, tana sauka a wuya da fuska inda gumi yake ta manne. Ki daka a fili iska na bayanki, ki rufe hanci da baki, ki kori yara da mai asma daga wurin, in kin gama ki canza riga kafin ki rungumi kowa.

Yau dai, tunda hannun bai gama lafawa ba, ki yi wankin mai da sabulun sau biyu, ki tsoma a kindirmo mai sanyi, ki bar wa wata girkin dare da wanke-wanke da ruwan zafi. In gobe da yamma yana nan yadda yake, ko kin ga ya fara tashi, ki je a duba miki shi. Allah Ya ƙara sauƙi, Ya raya abin da aka samu.